Waye Ke Kare Haƙƙin Yaran Mawaƙa?

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in yi magana kan yaran da ke tashe da waƙa a Kano. Yau yaro ɗan shekara 16 zai shiga situdiyo a Titin Gidan Zoo, ya rera waƙa ɗaya, a ɗora ta a TikTok, kafin mako ya zagayo masu Adaidaita Sahu sun riƙe ta. Daga nan furodusoshi su yi masa caa, kowa na son ya fitar masa da kundin farko.

Ba a nan kaɗai ake wannan tashe ba. Billie Eilish ta Amurka tana da shekara 17 ta fitar da kundinta na farko a 2019, wanda suka haɗa da yayanta a ɗakin gidansu, ta kuma kwashe kyautar Grammy biyar a 2020. Amma a jiharsu ta Kaliforniya doka ta tilasta a ajiye wa yaro mai waƙa ko fim kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ya samu har ya girma.

Mu fa? Yaro ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, kuɗin YouTube da manhajar waƙoƙi ta Audiomack su zarce asusun wani. Makaranta kuwa sai dai labari.

Hukumar Tace Finafinai ta Kano, tunda tana yi wa mawaƙa rajista, ya kamata ta sharɗanta cewa duk yarjejeniyar wanda bai kai 18 ba sai uba ko waliyyi ya gani ya sa hannu.

Naka,
Mai karatu daga Gwale, Kano