A daina jera makarantu da sakamakon WAEC kaɗai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Duk lokacin da sakamakon WAEC ko NECO ya fito, sai a duba kashi nawa cikin ɗari suka ci kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a ce wannan makaranta ce zakara, waccan kuma ta kashin baya. Wannan ma'auni ya fi nuna irin yaran da makaranta ta ɗiba a kan ƙoƙarin malamanta. Wadda ke tace ɗalibai da jarrabawar shiga ai dole ta haye.

Adalci shi ne a auna ci gaban yaro. A ɗauki makinsa na BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. A tattara bayanan jiha baki ɗaya, a fitar da matsakaicin abin da yara masu irin makinsa ke samu a WAEC. A debe wannan matsakaicin daga abin da shi yaron ya samu a WAEC, sannan a ɗauki matsakaicin ragowar na dukan ɗaliban makarantar. Ingila ta koma irin wannan tsari mai suna Progress 8 a 2016, tana gwada sakamakon yaro yana ɗan shekara 16 da makinsa na ƙarshen firamare, a darussa takwas.

Sai dai akwai wuraren tuntuɓe. A makaranta mai ɗalibai 20, yaro ɗaya kashi 5 ne cikin ɗari. Zazzaɓi ya kwantar da biyu ranar jarrabawa, matsayinta ya rushe. Don haka a haɗa sakamakon shekara uku, a kuma buga tazarar kuskure, wato iyakar sama da ƙasa da ake tsammanin ainihin makin makarantar yana tsakaninsu, a gefen kowane maki. In tazarar makarantu biyu ta shiga juna, kada a yi saurin cewa ɗaya ta fi.

Abin da ya fi damuna shi ne makaranta ta sallami ɗalibai masu rauni kafin rajistar jarrabawa. Maganinsa a ƙirga duk yaron da ya fara SS1, ko ya zauna jarrabawar ko bai zauna ba. Satar amsa kuwa, lissafi ba ya wanke ta, sai sa ido.

Kuma tunda jihohi kan shirya BECE ɗinsu daban-daban, kada a gwada Kano da Katsina kai tsaye.

Ma'aikatun ilimi su fara da ba kowane ɗalibi lamba guda da za ta bi shi daga JSS1 har SS3. Haɗa sakamako da suna ba zai yiwu ba, domin Aisha Muhammad a jiha ɗaya ba sa ƙirguwa.

Wassalam.
Malamin ƙididdiga, Zariya