A keɓe wa keke gefensa a hanyar Kasoa zuwa Winneba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon fili a jaridarka domin in kai kukana ga hukumomin da ke kula da manyan hanyoyin ƙasar Gana, da 'yan majalisarmu, da sarakunan zango. Ana nan ana faɗaɗa hanyar da ta tashi daga Kasoa zuwa Winneba. Buƙatata ita ce, tun kafin a gama zuba kwalta, a keɓe wa mai keke nasa gefen, a raba shi da na motoci da ɗan dakalin siminti. Fenti kaɗai ba zai yi ba, domin direban trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ba ya ganin fenti idan ya hango fasinja.

Ni mai gyaran keke ne a Nima, sana'ar da na koya a hannun ƙanin mahaifina tun ina makarantar allo. Turawa masu yawon buɗe ido kan kawo min kekunansu in ɗaure musu birki ko in sauya musu sarƙa, kuma kusan dukkansu hanya guda suke tambaya, wato ta bakin teku zuwa yamma. Mutum ya ɗauko kekensa a jirgin sama tun daga Jamus ko Holan don ya ga Senya Beraku da Butre, alhali yaron da ke miƙo min sifana, wanda aka haifa a Mamobi, bai taɓa wuce Kasoa ba. Wannan ya daɗe yana ci min rai. Shi ya sa da rani muka haɗa kai ni da yaran shagona da wani abokina tela daga Sabon Zango, muka ɗaure kaya a kariya, muka ɗauki famfo da sholisho da faci, muka kama hanya bayan sallar asuba.

Daga Nima zuwa Mallam da sauƙi idan an yi sammako. Daga Mallam zuwa Kasoa kuwa, har a wuce Buduburam, ran mai keke a hannun Allah yake. Tifofin yashi, tankokin mai, manyan bas masu zuwa Takoradi da Abijan, trotro da ke tsayawa duk inda ya ga dama, ga aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ga okada, kowa a kan layi ɗaya. Gefen titin da ya kamata a raɓa, ko yashin da ruwan sama ya kwaso daga tudu ya binne shi, ko 'yan tireda sun kafa tebur a kai. A nan ne wata trotro ta matse ƙaramin yarona har ya faɗa kwata, gwiwarsa ta daye, gaban kekensa ya lanƙwashe. Direban ko waiwaye bai yi ba. Da na ga jini a ƙafar yaron nan sai da na tuna fuskar uwarsa lokacin da take ba ni amanarsa a ƙofar gida. Allah ya taƙaita, muka wanke ciwon da ruwan leda, na miƙe masa gaban keken, shi da kansa ya ce, “Baba, mu ci gaba.”

Wanda ya tsallake wannan wuri ya sauka hagu, ya shiga wata duniya dabam. Hanyar Senya Beraku tana ratsa gonakin rogo da masara, mota sai jefi-jefi, iska na kaɗowa da ƙanshin gishiri tun ba a hango ruwan ba. Garin yana bisa gaɓa mai tsayi. Tsohon sansanin da mutanen Holan suka gina yana zaune a kan dutse, ƙasa da shi can kwale-kwale ne jere da tutoci kala-kala, igiyar ruwa na dukan duwatsu tana watsa kumfa. Muka jingine kekuna muka tsaya a bakin gaɓar muna kallon masunta suna jan taru, maza da yara sun kama igiya ɗaya, ɗaya na ba da waƙa saura na amsawa, kowane amshi da taku guda da baya. Wata mata mai banda ta kira mu da hannu, ta buɗe mana murhunta na laka mai faranta na waya hawa-hawa, irin wanda aka fara ƙera shi a Chorkor, nan cikin Accra. Ba ta jin Hausa, mu kuma Fantinmu bai wuce gaisuwa ba, amma da 'yar Twi da nuni muka daidaita, ta naɗe mana kifi mai zafi a takarda, ta ƙara mana gyara.

Mai mota ba ya samun wannan. Yana wucewa ta babbar hanya, gilashi a rufe, abin da zai ce ya gani bai wuce shataletalen Winneba da kasuwar Mankessim ba. Mai keke kuwa tudu ne ke gaya masa yadda ƙasar take. A Apam sai ka sauko ka tura kafin ka kai sansanin da ke kan tsauni, daga can ka ga garin duka da bakin ruwansa. A ƙasar Ekumfi gonakin abarba ne hagu da dama, manomi ya fere maka guda da adda a bakin gonarsa, zaƙinta ya sa ka manta da ciwon cinya. Saltpond, garin da aka ƙaddamar da jam'iyyar UGCC a 1947, shiru yake kamar ba a nan aka soma kiran neman 'yancin kai ba. A Yamoransa mata sun jera dokunu na Fanti, wato tuwon masara mai tsami, a ganyen ayaba tuli-tuli, abincin matafiyi na gaske, don yana kwana bai lalace ba. Ranar Talata masunta ba sa shiga teku, al'adarsu ce tun kaka da kakanni, sai ka tarar da su a inuwar kwakwa suna ɗinkin taru, kuma ranar ce suke da lokacin hira da baƙo.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne zango. Kusan duk garin da ya ɗan tasa a wannan gaɓa yana da zangonsa da masallacinsa. Ka shiga da la'asar, ƙura ta rufe ka, ka yi sallama, kafin ka gama alwala an tambaye ka daga ina, ɗan gidan wa. A wani ƙaramin gari kafin Cape Coast limamin ya hana mu neman masauki, ya ce baƙon zango ba ya kwana a otel. Aka shimfiɗa mana tabarmi a zaure, aka shigar da kekunanmu cikin gida, da safe ga koko da ƙosai. Wani dattijo a wurin ya ba mu labarin yadda kakansa ya sauko daga arewa da fataucin goro da shanu, ya zauna, ya auri Bafantiya. Jikokinsa suna jin Fanti fiye da Hausa, amma suna karatun allo irin namu. Yarana sun zauna sun buɗe baki suna saurare. Ba su taɓa sanin suna da 'yan uwa a bakin teku ba.

A Elmina na kai su cikin ginin da Turawan Fotugal suka kafa a 1482, wanda mutanen Holan suka ƙwace a 1637, daga baya ya koma hannun Ingila a 1872. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa shi da sauran sansanonin gaɓar nan cikin kayan tarihin duniya. Muka shiga ɗakunan da ake tsare bayi, marasa iska, marasa haske. Na gaya musu cewa da yawa daga waɗanda aka tsare a irin waɗannan ɗakuna daga arewa aka koro su, ta kasuwanni irin su Salaga, a ƙafa. Ban ga dalilin da zai sa baƙo daga Amurka ya zo ya yi kuka a nan, ɗan Nima kuwa bai san ƙofar wurin ba.

Bayan Takoradi, daga Agona Nkwanta, muka sake sauka zuwa teku. Dixcove, Busua, Butre da gadarta ta katako da sai an sauko an tura keke a hankali, sannan jar hanya mai ratsa gonakin roba da na kwakwar manja zuwa Akwidaa da Cape Three Points, inda ƙasar Gana ta ƙare ta kudu. Hawa da gangara ne ba hutu, taya na nutsewa a yashi, amma a ƙarshe ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa a kan duwatsu, teku ta kewaye ka ta gefe uku. A cikin ruwan da ke gaban wannan wuri aka gano man fetur a 2007, amma mutanen ƙauyukan har yanzu a kan keke da babur da kai suke fito da rogonsu.

Ba duk abin da muka gani ne mai daɗi ba. Kogin Pra a Beposo ya koma ruwan kunu saboda galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Leda ta cika bakin ruwa a garuruwa da yawa. Akwai inda ake kwasar yashin gaɓa da tifa, teku kuma tana biyo baya tana cin gindin kwakwa da bangon gidaje. Wanda bai je ya gani da idonsa ba ba zai damu ba, kuma matasanmu ba za su je ba muddin kilomitocin farko na fita Accra suna neman ransu.

Kada wani ya ce wannan buƙatar masu yawon shaƙatawa ce. Mu mun bi hanyar ne don ganin ƙasa, amma wa muka tarar a kanta? Manomi da buhun gawayi a kariya, ɗan makaranta da ƙanwarsa a baya, mai burodi, magini da ke zuwa aiki Kasoa saboda kuɗin trotro ya fi ƙarfinsa. Su ne ke bin ta kullum, su ne kuma ake kawo min kekunansu a murɗe. Wasu kekunan ma 'yan uwa ne ke kawo su sayarwa, don mai shi ya riga mu gidan gaskiya. Ba kuma sabon abu nake nema ba. Duk wanda ya je Tamale ya ga hanyar keke a gefen manyan titunan garin, mata da maza da tsofaffi na bi hankali kwance. Abin da aka yi a Tamale ana iya yin sa a Kasoa, kuma yanzu da ake kan aikin ya fi araha a kan a dawo a fasa daga baya.

Ga sarakunan zango da limamai, Allah ya ja zamaninku, roƙona biyu ne. Ku sa baki a wannan magana idan kun zauna da 'yan majalisa, don muryarku ta fi tawa nisa. Sannan ku haɗa zangunan bakin teku da na Accra da Kumasi, ta yadda ƙungiyar matasa za ta iya tasowa da wasiƙa daga sarkinta ta san inda za ta sauka a Winneba ko Saltpond ko Sekondi. Ku kuma matasa, kada wanda ya fita ba hular kwano da fitila, kuma a sauka daga titi kafin magariba. Duk ƙungiyar da ta shirya, ta kawo kekunanta shagona in duba birki da taya kyauta kafin ta tashi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani mai gyaran keke,
Nima, Accra.