Miya Ba Sai Da Nama Ba: Wasiƙa Zuwa Dammam

Makka, daren Laraba.

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar tasa? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce. Mu nan sai godiya, in ban da zafin garin da kin riga kin sani.

Na ji saƙonki, na kuma ji yadda muryarki ke rawa wai likita ya ce a rage masa nama, ke kuma kin rasa abin da za ki riƙa ɗorawa. Maganar girki ba ta saƙon murya ba ce, za ki ji ki manta. Shi ya sa na zaunar da Auta, ina faɗa tana rubutawa.

Ki kwantar da hankalinki tukuna. Cewa aka yi a rage, ba a ce an haramta ba. Wannan ciwo da Larabawa ke kira nigris, mai kumbura babban yatsan ƙafa har mutum ya kasa jure taɓawar mayafi, wani sinadari ne, yurik asid, ke taruwa a jini ya je ya daskare a gaɓa. Abubuwan da ke tayar da shi sanannu ne: jan nama, kayan ciki irin su hanta da ƙoda, romon nama, lemukan gwangwani masu sukari, sai rubiyan, wato jatan lande, da kifin sardin da ku mutanen gabas ba kwa rabo da su. To ki dubi yadda ake ci a ƙasar nan: kibda, wato hanta, da safe, shinkafa da nama ta kabsa da rana, da dare a aika a sayo ta mandi. Wane jiki ne zai ɗauki wannan shekara da shekaru? Auta ta karanto min cewa ko mai lafiya, masu binciken ciwon daji na ba shi shawarar kada ya wuce giram 500 na dafaffen jan nama a mako, rabin kilo ke nan. A 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama, irin su martadela da sosej ɗin da ake cusa wa yara a burodi su tafi makaranta, cikin abubuwan da ke jawo dajin hanji. Wannan kam ki raba firjinki da shi, don yaran ma ba don uban kaɗai ba.

Ku kun buɗe ido kun ga kaza a firiza kullum, shi ya sa kuke zaton miya ba ta daɗi sai da tsoka a ciki. Kakarki da kika ci sunanta, Allah Ya jiƙanta, ta tashi ne a inda nama na Sallah ne da ranar suna da ranar kasuwa. Da suka taho ta ƙasa suka yada zango a Sudan, wajen Mai Wurno, suna cirar auduga a gonakin Jazira don haɗa guzurin ƙetare teku, sai wata ya fito ya mutu ba su ga nama ba. Amma ban taɓa jin wanda ya sha miyarta ya tambayi ina naman yake ba. Ita ta ba ni labarin kawal ɗin mutanen Darfur: ganyen tafasa ne suke kirɓawa, su danna a tulu, su binne kamar mako biyu, su fito da shi su dunƙula su shanya. Shi ne naman miyarsu. Mu kuma Allah Ya ba mu daddawa.

Daɗin da kike ji a miya ba duka daga nama yake fitowa ba. Nama rufa wa mai gaggawa asiri yake yi. Da zarar an ɗauke shi, sai hannun mai girki ya bayyana, kuma wurin albasa ake fara gane shi. Ki yanka manya biyu ko uku, ki rage wuta, ki bar ta a cikin mai tana laushi har ta yi ja-ja ta yi zaƙi. Tana cin minti 20, ku kuma kafin ta ji zafin mai kun juye tumatir. Sannan daddawa: ki daka ta da citta da masoro da tafarnuwa, ki zuba a man nan kafin kayan miya su shiga, ta soyu, warin ya tafi ƙamshin ya zauna. Markaɗen tumatir da tattasai da attaruhu kuma a soya shi har mai ya taso sama. Daga ƙarshe, gab da saukewa, ɗan tsami: lemun tsami, ko ruwan tsamiya, ko yakuwa, ko ki huda lumi, busasshen lemun tsami, guda ki jefa tun da wuri. Miyar da aka ce ta yi lami, sau da yawa tsami take nema ba gishiri ba. Kuma kada ki ce za ki cike gurbin nama da dunƙule huɗu biyar, gishiri ya yi yawa a cikinsa. Giram 5 aka ce babba ya tsaya a kai a yini, ƙaramin cokali ma bai cika ba.

Ki fara da miyar taushe, don ita ce ba ta nuna maraicin nama. Ki samo kabewa ja sosai, ki feraye, ki dafa har ta nuna, ki dame ta da ludayi ta narke a cikin soyayyen kayan miyan. Ki kwaɓa gyaɗa cokali uku ko huɗu da ruwan ɗumi ki zuba, ki bar ta ta dahu sosai, ɗanyar gyaɗa tana ɓata ciki. Alayyahu da yakuwa da albasa mai lawashi su ne na ƙarshe, minti 5 ya ishe su. In babu alayyahu, sabanik, alayyahun Larabawa da ake samu a shagon unguwa, yana yi. Gyaɗar kwalba ta shafa wa burodi da sukari a cikinta, za ta mayar miki da miya kunu. Ki je shagon 'yan Sudan ki ce a ba ki dakwa, ita gyaɗa ce zalla. Da tuwon shinkafa ko waina, ranar da kika gaji kuma ko burodin tamis kika aika aka sayo ya wadatar.

Adas ja, ƙananan waken nan masu faɗi, shi ne rufin asirin ranar da lokaci ya ƙure, ba ya son jiƙo. Ki wanke, ki haɗa da albasa da karas da tumatir da kamun da ɗan kurkur, minti 20 ya narke. Amma kada ki kai shi haka, abincin asibiti ke nan. Ki ɗora ƙaramin kasko, ki soya dakakkiyar tafarnuwa da kuzbara har su fara ja, ki juye a kan adas ɗin ki ji ya ce caa, ki rufe tukunyar nan take. In kin gutsuttsura burodi a kwano kika kwarara shi a kai, kika ɗiga man riɗi da lemun tsami da shatta, kin yi fattar da 'yan Sudan ke yi. Adas mai ruwan ƙasa kuma shi ake haɗawa da shinkafa a yi mujaddara, a tula soyayyar albasa a sama har ta rufe shinkafar, a ci da zabadi, wato kindirmo, da kokwamba. Wake da shinkafa da mai da yaji ba sai na koya miki ba, sai dai ki inganta yajin, ki kawo yankakken tumatir da albasa a gefe.

Yanzu ga wurin da na fi so ki ba wa hankali. Namijin da ya saba da gasasshen nama, abin da bakinsa zai fi nema shi ne ƙauri da yajin tsire da abin taunawa. To ki ba shi su. Ki ɗora bazinjan, babban baƙin yalon nan, kai tsaye a kan wutar gas, kina juyawa har bayansa ya ƙone ƙurmus cikinsa ya yi luguf. Ki ɓare, ki dagargaza da cokali, ki sa dakwa da tafarnuwa da kamun da lemun tsami. Salatar aswad ke nan. 'Yan Sudan sun fi soya shi a mai, ni na fi son gasawar, mai kaɗan take ci ga kuma ƙamshin hayaƙi.

Abin taunawa kuma awara ce. Ki jiƙa waken suya ya kwana, ki markaɗa, ki tace da kyalle mai tsabta. Madarar ki ɗora a babbar tukunya ki tsaya a kanta, tana da saurin zubowa. In ta tafaso, ki riƙa zuba ruwan tsamiya ko na lemun tsami kaɗan-kaɗan har ki ga ta tsinke, farin ya haɗe ya rabu da ruwan. Ki watsa jajjagen attaruhu da albasa da ɗan gishiri, ki kwashe a kyalle, ki ɗaure, ki danne da turmi har ruwan ya tsane. In ba ki da lokacin wannan aiki, manyan kantuna da shagunan 'yan Filifin na sayar da ita da sunan tofu, sai dai tana zuwa da ruwa a jiki, sai kin matse. Ki yanka ƙanana, ki shafa mai, ki mulmule da yajin ƙuli, ki jera a tsinke da albasa da tattasai, ki gasa a furun, wato tanderu. In kuma kin soya ta sama-sama kika jefa a miyar ja ko dafa-duka, tana shan miya ta zauna daram a wurin nama. Kawunki da ke cewa shi ba akuya ba ne da zai ci ganye, faranti guda yake tashi da shi.

Ɗanwake ranar Asabar, da ƙwai da kabeji. Alale da ƙosai kin iya. Zogale kuwa ki leƙa shagunan Indiyawa, mutanen Kerala na cin sa kamar mu. Ki tafasa, ki matse, ki kwaɗa da garin ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, ko ki turara dambu da shi. Mulukiyar da suke sayarwa a daskare lalo ce, da daddawa da ɗan wake a ciki ta zama miyar tuwo.

Kan ful, manyan waken nan da ake ci da burodi, ina da jan kunne. Abinci ne mai kyau, mai riƙe ciki, amma akwai wani ciwon gado da ake kira animiyar ful, wanda ya yi yawa a yankinku, wajen Katif da Ahsa, mu baƙaƙe ma muna da shi, kuma ya fi kama 'ya'ya maza. Yaron da ke da shi in ya ci ful ƙwayoyin jininsa na iya fashewa, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu. Kafin ki ba angona, ki duba katinsa na asibiti ko ki sa a gwada shi, gwajin jini ne kawai. Ki kuma sani ta'amiyar Misirawa da ful ake yin ta, ba kamar falafil ɗin mutanen Sham da ake yi da hummus ba. Wakenmu na gida daban ne, ba ya cikin wannan magana.

Kada wani ya tsorata ki cewa wake da adas ma na tayar da nigris. Likitoci sun ce ba sa yin ɓarnar da nama ke yi. Ya yawaita shan ruwa, ya riƙa shan laban, wato nono, marar kitse, kuma kada ya ajiye maganinsa don ya ga ƙafar ta sace. Ke kuma da kike shayarwa, da yaran, ba ku aka sa wa doka ba. Ƙwai da madara da nono kada su yanke a gidan, don akwai sinadarin B12 da ba a samunsa a ganye da wake. Ƙarfen jinin da ke cikin adas da zogale kuma jiki ya fi ɗaukarsa in an matsa lemun tsami, shayi kuwa hana shi yake yi. Wannan shayin da kuke kawowa kafin a ɗauke faranti, ki jinkirta shi da kamar awa guda.

Sai dabarar zama. Kada ki tsaya a kansa ki yi shelar cewa daga yau babu nama a gidan nan, zai ji an mayar da shi majinyaci, ya fita ya ci a waje. Ki dafa, ki kai, ki yi shiru. Ki fara da kwana biyu a mako, in baki ya saba ki ƙara, sannu ba ta hana zuwa. Ranar Juma'a ki yi kaza, a ci a ji daɗi. In baƙi sun zo a yi musu nama yadda aka saba, ba a tarbar baƙo da adas a ƙasar nan, sai dai ki cika gabansa shi da salata da shinkafa. Na san surukin nawa da barkwanci, ranar da ya ga adas da albasa zai janyo miki ayar Bani Isra'ila da suka roƙi a musanya musu mafi alheri da mafi ƙanƙanta. Ki yi dariya, ki tuna masa maganar Sayyidina Umar da ke cikin Muwaɗɗa, inda ya ce a yi hattara da nama don yana da jaraba irin ta giya. Ki ƙara masa da cewa Anas ya ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana bin kabewa a gefen akushi yana tsinta.

Kawunki zai shigo Dammam ƙarshen wata. Zan ba shi daddawar kalwa da 'yan Umara suka kawo min daga Kano, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da ƙuli-ƙuli, yajin kuma zan sa a daka sabo a Shara Mansur. Daddawar ki zuba a kwalba mai murfi ki sa a firiza, danshin garinku ba irin na Makka ba ne, tana iya yin funfuna. In kin yi awarar ki turo min hotonta, daga yadda ta yanku zan gane ko tsamin ya yi yawa.

Babanku na gaishe ku, ya ce a yi wa maigidan sannu. Ki shafa min kan angona, ki gaya wa kishiyata ina nan ina jiran ta da hutu.

Wassalam,
Mahaifiyarki.