Yoyon Tagar Rufin A-kori-kura: A Duba Magudana Kafin a Taɓa Roba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi magana da masu motocin a-kori-kura da ke da tagar gilashi a rufi, musamman waɗanda da an yi ruwan sama sai su tarar silin ya jiƙe ko kafet ya sha ruwa. Abin da ya sa na rubuto shi ne yadda ake yawan ɗora wa robar da ta kewaye gilashin laifi, a canza ta ko a cika ta da gam, alhali galibi ba ita ce mai laifin ba.

Tun daga masana'anta ba a ƙera tagar nan don ta hana ruwa shiga gaba ɗaya ba. Robar tana tare ƙura da ƙugin iska da mafi yawan ruwa, amma dole wani ya tsallake. Shi ya sa aka sa tire a ƙarƙashin gilashin, mai kwari a kewaye, kuma a yawancin motoci kowace kusurwa ta tiren tana da rami. Kowane rami da siririn tiyonsa, wanda kaurinsa bai wuce na ƙaramin yatsa ba. Biyu na gaba suna bi ta cikin ginshiƙan da ke riƙe da gilashin gaba, su fito ta wajen maƙalin ƙofa ko bayan tayar gaba. Biyu na baya suna gangarawa ta kusurwoyin bayan ɗakin direba, su zubar a ƙasa kusa da inda bodin kaya ya fara. Aikinsu irin na indararo ne: muddin yana buɗe ruwa zai wuce ba a ma san ya zo ba, ranar da ya toshe kuwa ruwan ya taru ya malalo ciki.

A-kori-kura ta fi ƙaramar mota faɗawa wannan matsala. Ita ce mai shiga gona da wurin gini da hanyar da ba kwalta, ƙurar da take kwasowa kuma in ta haɗu da ruwa a cikin tiren sai ta zama laka. Ganye da furen itace su ƙaru a kai idan ana ajiye ta a inuwar bishiya. Jijjiga da murɗewar da motar ke sha a hanya mai gargada suna sassauta bakin tiyo daga hancin da aka cusa shi, zafin rana kuma yana sa robar tiyon ta ƙanƙance har ta zame da kanta. Ga kuma girman gilashi. Ford ta fara sa wa F-150 taga mai gilashi biyu a samfurin 2015, Ram 1500 ta samu irinta a 2019, Toyota Tundra a 2022. Gilashin ya faɗaɗa, ruwan da yake tarawa ya ƙaru, amma tiyon yana nan siririnsa.

Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki. A tsayar da motar a wuri mai daidai, a zuge tagar har ƙarshe, a haska kusurwoyin gaba da tocila a ga ramukan. A kwashe dattin da ake gani da hannu ko tsumma mai laima, kada a tura shi cikin ramin. Sai a ɗebo ruwa kamar mililita 250, a zuba a hankali a kusurwa ɗaya, wani yana tsugune yana kallon ƙasan motar ta bayan tayar wannan gefen. Lafiyayyar magudana takan zubo da ruwan cikin 'yan daƙiƙu, yana shatata. Idan ɗigo-ɗigo yake fitowa, ta fara toshewa. Idan ruwan ya tsaya a tiren, ta toshe ke nan. Wanda ya fi muni shi ne ruwan ya ɓace daga tiren amma bai fito ƙasa ba: tiyon ya cire ko ya tsage, ruwan yana zuba cikin silin ko cikin ginshiƙi. A nan a daina zuba ruwa. Ramukan baya sau da yawa ba a ganinsu don gilashin yana rufe su, saboda haka sai a sa gaban motar ya hau tudu kaɗan, ruwan ya gangara baya da kansa.

Wajen buɗe magudanar ne ake yawan yin ɓarna. Kada a zura waya ta ƙarfe. Tiyon yana da lanƙwasa a cikin ginshiƙi, waya kuwa ba ta lanƙwasa da shi, sai ta huda shi ko ta ture shi daga mazauninsa, aikin minti goma ya koma na sauke silin. Abin da ya dace shi ne zaren roba na injin yankan ciyawa, mai kaurin milimita 2 zuwa 2.4, tsawon kamar mita 2. A ɗan haska bakinsa da wuta ya narke ya yi mulmul, a zura a hankali ana murzawa tsakanin yatsu. In ya cije a ja da baya a sake gwadawa, ban da dole. Bayan nan a bi shi da ruwan ɗumi, kofi biyu ko uku, har sai wanda ke fitowa ƙasa ya yi garau.

Masu hura iskar kwamfuresa su yi hattara. Iska mai ƙarfi tana fisge tiyo daga hancinsa nan take, mai motar kuma ba zai sani ba sai an yi ruwa na gaba. In dole ne, kada ta wuce psi 30 a ma'aunin ƙarfin iska, a riƙa hurawa kaɗan-kaɗan, kuma kada a manne bakin bututun iskar da ramin. Ni a ganina gara a fara daga ƙasa ma. Ƙarshen tiyon a motoci da yawa yana da wata 'yar roba mai matsattsen baki da aka sa don hana ƙura da ƙwari hawa, kuma a nan laka ta fi taruwa. A lalubo ta, a matsa ta da yatsu biyu. Sau da yawa sai ka ga baƙin ruwa ya ɓalle ya zubo, aiki ya ƙare.

Idan tiyo ne ya cire, dole a kai hannu gare shi. Ana cire marikin hannu na sama da makarin rana da murfin ginshiƙi, a sassauto gefen silin kaɗan yadda hannu zai shiga. Kafin a taɓa komai a cire kan batir na nagetif a jira kamar minti 10, domin jakar iska ta gefe, wadda ke kumbura ta kare mutum idan an yi haɗari, tana kwance a daidai wannan layin. A mayar da tiyon kan hancinsa, a ɗaure shi da ƙaramin kilif, a bi da shi ta ainihin hanyar da ya biyo tun farko, ba ta gaban jakar iskar ba. Tiyon da ya ƙanƙance har ba ya kaiwa, canza shi ake yi. In aka ja shi da ƙarfi aka maƙala, zai sake zamewa.

To idan magudanai huɗu duk suna zuba lafiya amma ruwa bai fasa shiga ba fa? A nan ne ake duba zaman gilashin. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce bakinsa na gaba ya yi daidai da rufi ko ya ɗan nutse da kamar milimita 1, na baya kuma ya yi daidai ko ya ɗan ɗaga da milimita 1. Ana daidaita shi da sukurorin da ke gefensa ta ciki. A sa takarda tsakanin roba da rufi a rufe tagar a ja. Inda ta zare ba tare da ta cije ba, nan robar ba ta kama ba. Wani lokaci kuma na'urar lantarkin da ke zuge tagar ce ta manta inda ya kamata ta tsaya bayan an cire batir, sai ta bar gilashin bai zauna sosai ba, kuma littafin motar yana bayanin yadda ake sake saita ta. Robar da ta tsage ko ta bushe ta yi tauri ita ce kaɗai ta cancanci canji. Mai lafiya a wanke ta da ruwa da sabulu a shafa mata giris na silikon. Baƙin mai da giris na inji kumbura ta suke yi. Cika kewayen gilashi da gam kuwa ba gyara ba ne: taga ta mutu, ruwan da ke ratsawa bai daina ba, ramukan da zai fita kuma wataƙila an toshe su da gam ɗin.

Akwai kuma yoyon da ake ɗora wa taga alhali ba ruwanta. Babba a a-kori-kura shi ne fitilar birki ta sama da ke bayan ɗakin direba. Soson da ke ƙarƙashinta yana mutuwa, ruwa ya bi ta ramin wayarta ya jiƙa silin ta baya da jinginar kujerar baya. Sukurori biyu zuwa huɗu ne ke riƙe da ita, sabon soso kuma shi ne maganin. Ɗaure ta da ƙarfi fasa ta kawai zai yi. Sai gindin eriya, ƙafafun kariyar ɗaukar kaya da aka ɗaura a rufi, gilashin baya mai zugewa, da gilashin gaba da aka taɓa canzawa ba a manna shi da kyau ba. Hanyar rarrabewa ita ce mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗaya ya riƙa sakin ruwa da tiyo ba da ƙarfi ba, ya fara daga ƙasa ya hau sama, ya ba kowane wuri minti 5 kafin ya matsa. Wanda ya fara daga rufi ya jiƙa ko'ina lokaci ɗaya, ba zai gane komai ba. Ruwan da ke taruwa a ƙafar fasinjan gaba ba tare da an yi ruwan sama ba kuwa, galibi magudanar na'urar sanyaya mota ce ta toshe. In yana da launi da santsi da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ruwan lagireto ne ke zuba daga hita.

Bayan an tsayar da yoyon, kada a ruɗu da saman kafet ya bushe. Soson da ke ƙarƙashinsa yana riƙe ruwa da yawa, fumfuna kuma tana iya kama shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu. A cire murfin dokin ƙofa a ɗaga kafet ɗin, a matse soson, a saka masa fanka har ya bushe ƙarau. A duba mahaɗan wayoyi da akwatin fis da ke gefen ƙafa, domin ginshiƙin gaba a kansu yake zubarwa. Kore-kore ko fari-fari a bakin mahaɗa alamar ruwa ya taɓa ta ce, kuma daga nan ne fitilu da makullan ƙofa ke fara rikicewa, batir ya riƙa mutuwa cikin dare.

Wanke tiren da gwajin kofin ruwa sau biyu a shekara ya isa, ɗaya kafin lokacin ruwan sama ya kama. Motar da ke kwana ƙarƙashin bishiya ko ke aiki cikin ƙura kullum, a yi mata duk bayan wata uku. Duk wannan bayani na tagar da ta zo da mota ne daga masana'anta. Wadda aka yanka rufi aka dasa daga baya, irin mai ɗagawa da hannu, yawanci ba ta da tire ba ta da tiyo, roba ce kaɗai ke tsare ta, don haka ita in ta fara yoyo, robar da zaman firam ɗinta za a fara dubawa.

Na gode, Malam Edita. Wassalam.

Naka,
Wani mai gyaran bodin mota