Wasiƙa zuwa Agadas: kafin a sauke giyar motarka

Maradi, Jamhuriyar Nijar.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukan mutanen gida, kamar yadda muke lafiya a nan Maradi. Saƙonka ya iso, tare da ƙarar motar da ka ɗauko da waya, na kuma ji abin da makaniki ya faɗa maka, cewa sai an sauke giya an buɗe ta kafin a san ciwon. Na saurari ƙarar, amma waya ba ta rarrabe gurnanin boris da ƙugin taya, balle a tsohuwar Hilux wadda kowane ƙarfe na jikinta yake da tasa muryar. Shawarata ita ce kada ka yarda a kwance ko da noti ɗaya sai ka gano lokacin da ƙarar take zuwa da lokacin da take ɗaukewa, domin ƙara tana bin abin da yake juyawa ne, kuma kai da kake kujerar direba kana da ikon tsayar da wani sashe ka bar wani yana juyi.

Ka fara da motar a tsaye. Ka tayar da inji ya yi zafi, ka sa giya a furi, ka ɗauke ƙafa gaba ɗaya daga ambiriyaji, wato kuloci. A wannan hali sandar da take karɓar ƙarfi daga inji tana juyawa a cikin akwatin giya, haka ma sandar ƙasa da take haɗe da ita. Idan ka ji gurnani, sai ka taka ambiriyaji har ƙasa ka ɗan jira. In gurnanin ya yi ta raguwa har ya ɗauke, ciwon yana cikin akwatin, kuma abin zargi na farko shi ne boris ɗin waccan sanda ta gaba ko na sandar ƙasa, tunda su ne suka tsaya da ka taka. Sai dai ka lura, motar gazuwal, wato dizal, takan yi wani kwaramniya na haƙoran giya a furi idan mai ya yi zafi, wanda shi ma taka ambiriyaji yake kashe shi. Wannan kaɗawa ce ba gurnani ba, kuma motoci da yawa suna shekaru da shi ba tare da wata illa ba.

Idan kuwa akasin haka ne, wato shiru a furi amma da ƙafarka ta fara danna ambiriyaji sai kuka ya tashi, to boris ɗin ambiriyaji ne, wanda yake tura farantin matsi. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin boris a ƙarshen kirankin inji, inda kan sandar gaba ta akwatin giya yake zama, shi ba ya magana sai ka taka har ƙasa ka sa giya mota tana tsaye, lokacin da inji yake juyi sandar kuma ta tsaya cak. Waɗannan biyun suna bukatar a sauke akwatin giya, amma ba sa bukatar a buɗe cikinsa, kuma bambancin kuɗin aikin ba kaɗan ba ne. In har an sauke, ka sa a canja su duka biyu tare da faifan ambiriyaji, don kada ka biya kuɗin saukewa sau biyu. Ƙarar da ba ta damu da ambiriyaji ba sam, wadda take tashi da sauka tare da totur ko mota ba ta motsi, a nemi dalilinta a gaban inji, wajen dinamo, famfon ruwa ko bel.

Gwaji na biyu sai a kan hanya, kuma ka nemi kwalta mai santsi inda babu cunkoso, ka rufe gilasai, ka ɗauki wanda zai zauna a baya yana sauraro. Ka bi giyoyi ɗaya bayan ɗaya kana lura. A irin motarka mai jan baya da giya 5, lamba 4 ta bambanta da sauran, domin a cikinta sandar gaba da ta baya suna kullewa su zama abu ɗaya, ƙarfi ya wuce kai tsaye ba tare da ya bi ta sandar ƙasa ba. Saboda haka idan motar tana kuka a lamba 1, 2, 3 da 5, amma ta yi shiru ko ta sassauta sosai a lamba 4, wannan shaida ce mai ƙarfi cewa boris ɗin sandar ƙasa ko na gaba ya ci. Idan a giya ɗaya tak take kuka, a duba haƙoran wannan giyar da ɗan boris ɗin da take zaune a kai. Kukan ribas kuwa kada ya dame ka: haƙoransa miƙaƙƙu ne, na sauran giyoyi a karkace aka yanka su don su yi shiru, shi ya sa ko sabuwar mota takan yi shewa in tana ja da baya.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne ƙarar da take bin gudun mota. Ka kai kamar kilomita 60 a awa, ka taka ambiriyaji, ka mayar da giya furi, ka bar inji ya sauka. In ƙarar tana nan yadda take, kuma tana raguwa ne kawai yayin da gudu yake raguwa, to tana tsakanin bayan akwatin giya da taya: boris ɗin sandar baya, na tsakiyar farfela, aksul, boris ɗin ƙafa, ko tayar kanta. Nan sai ka ɗan karkata sitiyari hagu da dama a hankali. Boris ɗin ƙafa yakan ƙara ƙugi idan nauyi ya hau kansa, galibi in ka karkata hagu ƙarar ta ƙaru, na dama ne ake zargi. Aksul shi kuma totur yake bi, yana kuka in ka taka ya canja murya in ka saki, ko akasin haka. Taya ita ce mafi sauƙin ganewa, domin muryarta tana canjawa da zarar ka sauka daga kwalta zuwa laterit ko rairayi, kuma in ka shafa ta da tafin hannu za ka ji ta ci a tudu da kwari. A garejojin nan Maradi na sha ganin an sauke giya lafiyayya, alhali boris ɗin ƙafar baya ne yake kuka, saboda ƙara tana bin ƙarfen shasi ta fito a ƙarƙashin kujerar direba.

Kafin duk wata magana ta buɗewa, a duba mai. A gefen akwatin giya akwai notin zubawa, a ƙasa akwai na juyewa, kuma na gefen ake fara kwancewa, don kada a zubar da mai sannan a tarar na zubawar ya ƙi fita. Mota tana kan daidai, mai ya kamata ya kai bakin ramin, ka sa ɗan yatsa ka taɓa shi. Ka tsaya da kanka a juye shi cikin kwano mai tsabta ka kai shi rana. A kan notin ƙasa yawanci akwai maganaɗisu: baƙin gari mai laushi da yake murjewa tsakanin yatsu cin yau da kullum ne, amma gutsattsarin ƙarfe masu ƙyalli da kaifi suna nufin boris ko haƙori ya fara ɓarewa. Ƙyalli mai ruwan zinariya daga zobban tagulla na shigar da giya yake fitowa. In kuma man ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ne ya shiga, abin da muke yawan gani a nan da damina ga motocin da suke ratsa Gulbin Maradi ko kwazazzaban wajen Madarunfa.

Wajen zuba sabo, ka bi abin da littafin motar ya ce. Irin waɗannan akwatuna galibi man giya mai lambar kauri 75W-90 suke sha. Ban da kauri, man giya yana da aji-aji: aksul yana son ajin GL-5, amma akwai akwatunan giya da GL-4 kawai aka yarda a zuba musu, saboda sinadarin da ke cikin wasu GL-5 yana cin tagulla. Kada ka yarda da mai ce maka a zuba mai kauri irin 140 ƙara ta mutu. Zai rufe bakinta na ɗan lokaci, giya ta yi tauri da sanyin safiya irin naku na Agadas, boris kuma ya ci gaba da lalacewa.

Game da tafiyar da kake shirin yi zuwa nan ta Tanut da Damagaram, ga abin da nake gani. Idan kukan siriri ne, man ya fito da tsabta, giya ba ta fita da kanta, kana iya tahowa da kaya marasa nauyi, ka fi zama a lamba 4 in ita ce mai shiru, ka riƙa tsayawa kana duba ko mai yana ɗiga. Amma in ka ga gutsattsari a maganaɗisu, ko gurnanin yana ƙaruwa kullum, ko sandar giya tana rawa a hannunka tana tsalle zuwa furi, kada ka shiga wannan hanya da ita, domin boris in ya watse yakan tafi da haƙora, wani lokaci har ya tsaga akwatin, kuma tsakanin Agadas da Tanut ba wurin neman kayan gyara ba ne.

Ka rubuto mini sakamakon kowane gwaji yadda ka ji shi, tare da shekarar motar, da hoton notin ƙasa kafin a goge shi. In ta tabbata boris ne, a aiko mini da lambar da ke rubuce a gefen tsohon, zan nema a nan, in babu a sa a kawo daga Kano ta Ɗan Isa. Ka gaishe mini da Hajiya da yara, mutanen gida duka suna gaishe ku.

Wassalam,
Naka amini, daga Maradi.