Rahoton Ayyukan Shekara: Tarurruka, Bita da Zumuncin Sana'a

Mai girma shugaba, iyayenmu amintattu, 'yan kwamitin zartarwa, 'yan uwa mambobi masu tafiyar da ƙungiyoyi, assalamu alaikum.

A babban taronmu na bara kun ɗora wa sakatariya nauyin cewa duk taron da aka tura wakili da kuɗin ƙungiya, sai an ga amfaninsa a ofisoshinmu. Wannan rahoto bayani ne kan yadda muka riƙe wannan amana. Lissafin kuɗi zai zo daban daga wurin ma'aji, tare da rasitai da sa hannun mai binciken kuɗi.

Dukanmu mun san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a kasuwar canji a watan Yunin shekarar, tafiya ta zama abin da sai an zauna an yi shawara a kanta. Kuɗin mota zuwa Abuja, masauki, abinci da kuɗin rajistar taro, idan aka haɗa, suna cinye kuɗin wata-watan mutane da yawa. Saboda haka kwamiti ya kafa ƙa'ida, kuma mun tsaya a kanta: wakili ba ya karɓar cikon kuɗin guzurinsa sai ya kawo rahoto a rubuce, sannan ya tsaya gaban mambobi ya koyar da abin da ya koyo. Da farko wasu sun ga kamar takura ce. Ni kuwa a ganina wannan ƙa'ida ita ce mafi amfani cikin duk abin da muka yi a bana, domin a da sau nawa wakili ke dawowa da jaka da biro da hoto a gaban allon taro, ba wanda ya ji komai daga bakinsa?

Bitar da ta fi tayar mana da hankali ita ce ta dokar kamfanoni da ƙungiyoyi, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020. Wakilanmu sun dawo da bayanin cewa ƙungiyar da ta yi rajistar amintattu a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wajibi ne ta miƙa bayananta na shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, ban da shekarar da aka yi mata rajista. Da muka zauna da sakatarorin ƙungiyoyin da ke cikinmu, sai muka tarar akwai waɗanda tun da suka karɓi satifiket suka saka shi a firam, ba su sake komawa ba. Akwai kuma waɗanda wani amintaccensu ya rasu shekaru da dama, amma sunansa na nan a takarda, ba a sanar da hukuma ba, ba a maye gurbinsa ba. Irin wannan ba ya nuna kansa sai ranar da za a buɗe asusun banki ko a nemi tallafi, a nan ne ake gane cewa ƙungiya ba ta da cikakkun takardu. Mun ware zama biyu a kan wannan, kowa ya zo da kundin tsarin mulkinsa da satifiket, aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Aikin bai ƙare ba, amma yanzu kowa ya san inda matsalarsa take.

Na biyu shi ne batun bayanan mambobi. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta fara aiki a watan Yunin 2023, kuma ita ta kafa hukumar da ke sa ido a kai. Mu da muke riƙe da rajista mun saba ɗaukar sunan mutum da lambar wayarsa da adireshinsa da hotonsa kamar kayanmu. Sai ɗan takara ya zo lokacin zaɓe a ba shi jerin lambobi, ko a tura hoton takardar halarta a zauren WhatsApp mai ɗaruruwan mutane. Bayan bitar, sakatariya ta daina wannan. Mun sake fom ɗin shiga ƙungiya, mun rubuta a kansa abin da za a yi da bayanan mutum, kuma rajistar tana hannun mutum biyu kawai. Wasu daga cikin dattawanmu sun yi ƙorafin cewa an ƙara musu wahala. Muna ba su haƙuri. Lambar wayar matar wani ba abin rabawa ba ne ko da babu doka.

Ina so in ɗan tsaya kan abin da ba a rubuta shi a jadawalin taro. Wakilanmu duka sun faɗi magana ɗaya: abin da suka samu lokacin shan shayi da bayan sallar azahar bai gaza abin da suka ji a zaure ba. A irin wannan hira ce wakiliyarmu ta haɗu da ma'ajin wata ƙungiyar ƙwararru daga kudu, ta koka mata yadda mambobi ke ƙin biyan kuɗi. Matar ta ce su sun daina bin mutane da roƙo a ƙarshen shekara. Suna tura wa kowa saƙon tuni a waya kafin lokaci, suna ba da rasit nan take, kuma duk wata uku suna nuna wa mambobi inda kuɗinsu ya tafi. Mun gwada, kuma ma'aji zai gaya muku abin da ya gani. Sai dai zumunci a ƙafa yake. Katin da aka karɓa a taro, idan ba a kira mai shi cikin mako biyu ba, ya zama takarda kawai. Don haka yanzu rahoton wakili yana ɗauke da sunan waɗanda ya tuntuɓa bayan dawowarsa da abin da aka tsayar.

Tarurrukan ƙasashen waje ba mu je ko ɗaya ba. Mun duba na Meetings Africa, taron masu harkar shirya tarurruka da ake yi a Johannesburg a watan Fabrairu, muka lissafa tikitin jirgi da biza da otal, muka ga ba daidai ba ne a kashe wannan kuɗi a kan mutum ɗaya. Abin da muka yi shi ne bin laccoci ta intanet, muna taruwa a ofis saboda a rage kuɗin data da matsalar wuta. Daga nan da yawa cikinmu suka fara sanin cewa aikin da muke yi sana'a ce mai tarihi. Ƙungiyar ASAE ta masu tafiyar da ƙungiyoyi a Amurka tun 1920 aka kafa ta, kuma tun 1960 take ba da shaidar ƙwarewa ta CAE, wadda ake sabuntawa duk shekara uku. A nahiyarmu ma akwai irin wannan ƙungiya, wato AfSAE mai cibiya a Nairobi. Ba duk abin da suke faɗa ne ya dace da mu ba, domin su suna da ma'aikata masu albashi, mu kuwa yawancin sakatarorinmu sa kai suke yi bayan sun tashi daga wurin aiki. Amma tsarin ba da maki ga wanda ya halarci bita, irin wanda hukumar akantoci ta ICAN ta daɗe tana yi a nan gida, abu ne da za mu iya.

Inda muka gaza: mata da matasa ba su samu tafiya yadda ya kamata ba. Tafiyar kwana uku ba ta da sauƙi ga mai goyo, kuma har yanzu idan aka ce a zaɓi wakili, idon kowa kan babba yake komawa. Haka kuma fassara takardun bita zuwa Hausa, da muka yi alkawari bara, rabi kawai muka yi, alhali mambobinmu na ƙananan hukumomi sun fi kowa buƙatarsu.

Kwamiti na neman amincewarku a kan abu uku a wannan zama: a ware kujera ɗaya ga mace ko matashi a kowace tawaga, a fara rubuta makin bita a katin mamba daga watan Janairu, sannan a kafa ƙaramin kwamitin fassara. Duk mai son shiga kwamitin ya ba da sunansa a teburin rajista kafin a tashi. Sakatarorin da ba su kawo kwafin satifiket ɗinsu na CAC ba, don Allah a kawo kafin ƙarshen wata.

Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Babban Sakatare,
a madadin Kwamitin Zartarwa