Habu, Baba ya miƙe

Assalamu alaikum Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Maman Walida da yara. Na san kana jin haushin shirun da na yi maka, to ajiye shi tukuna ka ji: Baba ya miƙe. Jiya da ƙafarsa ya tafi masallacin Juma'a, sanda kaɗai ya riƙe.

Ka tuna ciwon bayan nan da muke ta ɗora wa tsufa? Sai da ta kai ko ruku'u ba ya iyawa, ga rama, ga zufar dare har sai an canja masa riga. An gwada kakinsa da GeneXpert, na'urar gano tarin fuka, ba a ga komai ba, dama ko tari ba ya yi. Daga ƙarshe aka tura mu Legas yin hoton da ake kira PET, a sashen nukiliya. Baba na jin kalmar nukiliya ya ce shi fa ba mai kai shi wurin bam. Sai da likita ya jawo kujera ya yi masa bayani, cewa sukari ne ake haɗawa da wani sinadari mai fitar da hasken da na'ura ke gani, fulorin-18, a ɗura ta jijiya. Ƙarfinsa raguwa yake da rabi duk minti 110, shi ya sa ranar da aka haɗa shi ranar ake aiki da shi. Awa shida Baba bai sa komai a baki ba sai ruwa, bayan allurar kuma aka kwantar da shi awa guda, aka ce ko magana kada ya yi. Ka san Baba da hira, wannan ta fi allurar yi masa ciwo.

Duk inda jiki ke fama da cuta, nan ya fi zuƙar sukarin, sai wurin ya haska. Habu, da idona na gani a kwamfuta: ƙasusuwa biyu na gadon bayansa jajir kamar garwashi. Likitan bai ɓoye mini ba, ya ce tarin fuka da ciwon daji duk haka suke haskawa, hoton wuri yake nunawa, ba ya faɗin sunan cuta. Daga inda ya fi haske aka tsakuro ɗan nama da allura. Kwanakin da muka yi jiran sakamakon ko Hajiya ban gaya wa abin da ake tsoro ba. Da aka ce tarin fuka ne na ƙashin baya, a nan ƙofar ɗakin na yi sujada.

Af, Ɗanladi ya angwance, kuma da wadda kake tsammani ɗin. An tambaye ka wajen ɗaurin aure, na ce wake da shinkafar Zangon Kumasi ce ta riƙe ka. Sallah nawa ke nan kana cewa "bana in sha Allah"? Mai shayin bakin layi ma ya daina ajiye maka benci.

Maganin kyauta muke karɓa a asibitin gwamnati, hoton ne ya ci filin nan nawa na bayan gari, ban kuwa yi da-na-sani ba. Na huhu wata shida ake sha, amma na ƙashi likita ya ce Baba zai cika shekara. Makon farko Hajiya ta kira ni hankali tashe wai fitsarinsa ya yi ja, ashe aikin ƙwaya ɗaya ne daga ciki. Watan jiya muka koma aka sake hoton, garwashin nan ya dusashe, saura ɗan ɗigo. Likita ya ce ɗigon kan iya daɗewa ko bayan an warke, kada dai a kuskura a tsallake magani ko na kwana ɗaya. Ni nake miƙa masa da hannuna bayan Asuba, kafin koko.

Akwai abin da na so tambayarka, wallahi ya shige mini. Baba dai ya ce in tuna maka goron da ka yi masa alkawari, fari yake so.

Naka,
Sani